Sawun zabuwa a kan buhun tattasai

Ba zan faɗi sunansa ba. Mutumin ya daɗe a kabari, don haka kada wani ya ce tsoro ne. Bakina kawai nake ƙyamar in sa shi a ciki. Maroƙa sun faɗe shi iya faɗa. A Diffa ta shekarun nan, in aka ce "Alhaji" aka yi shiru, kowa ya san wanda ake nufi, duk da alhazan garin sun fi a ƙirga. Ni ma haka zan kira shi, don Makka dai ya je ta da gaske, har sau bakwai, kuma ba a taɓa tsayar da shi a ƙofar jirgi an tambaye shi da me ya sayi kujerar ba.

Abin da ya haɗa gidanmu da shi buhu ne. Babana manomin tattasai ne, lambunsa yana bakin kogin Komadugu, tafiyar safiya ɗaya daga gari. Ba shi da wani arziki, injin ban-ruwa ɗaya gare shi mai tari kamar tsoho. Amma yana da shaida. Kowane mai tattasai yana da alamar da yake sa wa buhunsa don kada kaya su cakuɗe a kamiyo, babbar motar kaya: wani da fenti, wani da gawayi, wani harafin sunansa in ya taɓa lakwal, wato makarantar boko. Ta Baba ɗinki ce, da baƙin zare da basilla, ƴan layuka uku da suka haɗu a gindi, sak sawun zabuwa. Daga mahaifinsa ya gaje ta.

Sai ka san kasuwar tattasai za ka gane darajar wannan ɗan ɗinki. Ranar Talata, ranar kasuwar Diffa, babu buhun da ake saya ba a farke shi ba. Mai saye yana zuwa da wuƙarsa, ya tsaga gefen buhu daidai ciki, ya zura hannu har gwiwa, ya zaƙulo abin da ke tsakiya. Don kowa ya san halin kowa: ja mai ƙyalli a baki, tsakiya kuwa ruɓaɓɓe da wanda rana ta ƙone, da kara, wani lokaci har da yashi. Buhun Baba kaɗai ne ba a sa wa wuƙa. Fataken Maiduguri da na Damagaram in suka ga sawun zabuwa sai su ce a ɗora. Ma'aikatan duwan, wato kwastan, da suka daɗe a yankin su ma sun san shi, kuma dama babu mai son buɗe busasshen tattasai, ƙurarsa tana sa mutum atishawa har ya yi hawaye ya ɓata kakinsa. Sai su buga buhun da tafin hannu su ce a wuce. Baba bai taɓa alfahari da wannan da baki ba. Amma na sha ganin yadda yake tsayawa gefen kayansa ranar kasuwa, hannu a baya, yana kallon ana farke na maƙwabta.

Doka ɗaya ce a gidanmu game da buhu, tun ina ƙarama nake jin ta: buhu ba ya fita gidan nan fanko da shaida a jikinsa. In maƙwabciya ta roƙi tsoho don zuba gawayi, sai an ɗauko reza an tsinke baƙin zaren tukuna. Fataken da suka saya ma, in sun juye, ko su dawo masa da buhunan ko su tsinke da kansu, haka suka yi alkawari da shi tun farko. Ni da na yi lakwal har na zama malama ana ce mini Madam, ina ganin wannan ƙauyanci ne irin na tsofaffi.

Alhaji kuwa na san shi tun ba shi da takalmin kirki. Dillali ne a kasuwar, ƙanin Baba a shekaru, siriri, mai yawan rantsuwa. In ya ce wallahi sau ɗaya, ka duba buhun. In ya ce sau uku, ka duba aljihunka. Shi ne gwanin yayyafa wa tattasai ruwa da sassafe don ya kumbura ya cika ido. Wani Bafillace da ya cuta ya taɓa kwaɗa masa mari a tsakiyar kasuwa, ina nan an aike ni kai wa Baba fura. Alhaji ya durƙusa a ƙasa yana kuka da majina yana cewa sharrin shaiɗan ne. Wannan shi ne mutumin da daga baya ake kaɗa wa kalangu ana ce masa zaki.

Ya bar dillanci ya koma shigo da man fetur a jarka daga tsallaken kogi. Wannan ba wanda ya ɗauke shi laifi, rabin gari da shi yake ci, injin Baba ma shi yake sha. A cikin zirga-zirgar jarkokin nan ne ya gano akwai kayan da ya fi mai sauƙin ɗauka. Ƙwaya ce, ƴan ƙanana, ja da fari, a cikin leda. Ya fara da ƴan ƙwadagon lambuna masu wuni a duƙe cikin ruwa, da masuntan da ke tafiya tafkin Cadi. Maganin gajiya suke ce mata. Mutum ya haɗiyi biyu da shayi ya yi aikin mutum uku, bayan shekara biyu ka gan shi bakin tasha yana zance da bango. Ɗan yayar Innata haka ya ƙare, namiji har namiji, mai mata da ƴaƴa biyu, aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa a ɗaki har ya mutu. Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa. An karɓa, an dafa, ni ma na ci.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa kowa ya shiga uku, shi kuwa a shekarar ya ɗora bene. Daga ƙwaya ya ƙara da wiwi, daga sayarwa a gari ya koma wucewa da kaya: su shigo ta kogi, su bi hanyar Gigimi, su haura arewa cikin sahara inda ban san ƙarshenta ba. Ya yi ƙiba. Ya sa haƙorin Makka biyu, ya koyi irin dariyar da ke nuna su. Ko alif bai sani ba, amma yana yawo da alƙalami uku a aljihun gaba. Ma'aikatan da ake turowa daga yamma, kafin su sauke katifarsu rago ya riga su isa gida. Ba duka suka karɓa ba, in faɗi gaskiya, amma waɗanda suka mayar da ragon ba su cika daɗewa a garin ba. Da aka buɗe jam'iyyu ya ba kowace jam'iyya mota, don kowa ya ci zaɓe nasa ne. Mu kuwa mutanen gari, da muka gan shi yana kuka a ƙasa, muka riƙa tashi tsaye in ya shigo wurin suna. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. To, mu duka fadawa ne, har da masu rawani.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo zaurenmu. Na kawo musu ruwa, na koma bayan ƙofa ina ji.

"Yaya," ya ce wa Baba, "tsufa ya fara kama ka. Ka bar wahalar nan. In sa maka inji huɗu, ka riƙa cika mini buhu, motata ta ɗauka. Kai dai shaidarka kawai za ka sa."

Baba ya ce, "In na cika, ni zan ɗinke bakin?"

"Yarana za su ɗinke, kada ka wahala."

"To buhun da ban ɗinke bakinsa ba, ban san cikinsa ba. Sha ruwa, Alhaji."

Ya sha, ya yi dariyar haƙoran nan, ya ce Yaya ba ya canzawa. Da zai fita ya gan ni, ya ce, "A'a, Madam ce? Ɗiyata ta zama babbar mutum." Ina rubuta wannan ina jin kunya, amma wallahi na ji daɗi.

Komadugu ba ya cika da damina. Sai an daina ruwan sama, an fara girbin gero, sannan ruwansa yake isowa daga nesa. Shekarar nan ya wuce iyakarsa, ya cinye lambunan ƙasa ya fara neman unguwannin bakin gari. In haka ta faru abin da ake yi sananne ne: a tara buhunan fanko gida-gida, a cika su da yashi, a jera a yi wa ruwa ganuwa. Baba yana lambu kwana shida yana fama da nasa ruwan. Inna ta tafi Maine wajen haihuwar ƙanwata. Ni kaɗai ce babba a gida.

Alhaji ne ya ɗauki nauyin tara buhunan, da kamiyonsa da lasifika da maroƙi a sama yana faɗin alherinsa. Ko'ina yaransa yake aikawa su shiga su karɓo. Gidanmu kuwa da kansa ya sauko, da hantsi, cikin farar shadda da ya tattare kamar mai shirin shiga ruwa, alhali ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba.

"Madam, gari zai nutse. Me gidan Yaya zai bayar?"

Na buɗe ɗakin ajiya. Baba yakan ɗinka shaida tun kafin tattasai ya nuna, lokacin da hannu ba ya komai, don haka sabbin buhunan algarara suna nan a ninke, tsibi biyu, kowanne da sawun zabuwarsa. Na ce a ɗauki tsibi ɗaya. Sai na tuna, na ce a dakata in ɗauko reza.

"Reza?" in ji shi. Ya juya ya dubi mutanen da suka taru a ƙofa. "Ruwa yana bakin gidajen talakawa, Madam za ta zauna tsinkar zare. Ɗiyata, yashi fa za a zuba. Yashi ya iya karatu ne?"

Aka kwashe da dariya. Ni da nake tsayawa gaban aji cike da yara in yi musu tsawa da Faransanci, dariyar ƴan dako ta kashe mini jiki. Ban so a ce malamar lakwal tana bin camfin tsofaffi ba. Na ce su ɗauka, har na taya su miƙawa.

Da Baba ya dawo, ƙafafunsa sun yi fari don zaman ruwa, ya leƙa ɗakin ya ce ina tsibi ɗaya. Na ce an kai bakin kogi. Ya ce madalla, an yi daidai. Sai ya ce, "An cire shaida?"

Na ce, "An cire."

Ya gyaɗa kai ya tafi alwala. Washegari da aka tashi lakwal na bi ganuwar yashin nan daga farko har ƙarshe ina duba buhu ɗaya-ɗaya. Na ga na siminti, na ga na taki, na ga na shinkafar taimako. Ban ga sawun zabuwa ko ɗaya ba. Na ce wa kaina suna ƙasa, ruwa ya rufe su.

Wata huɗu aka yi. Abin da ya tona asirin abin dariya ne. An turo wani sabon ma'aikacin duwan daga yamma, satinsa biyu a bariyar hanyar Gigimi, shingen da ake binciken kaya. Bai san tattasai ba, bai san zabuwa ba, bai san Baba ba, ragon Alhaji ma bai kai ga isa gare shi ba. Wani kamiyo ya tsaya, direba ya nuna masa shaida ya ce wannan ba a buɗewa. Ya ce in ji wa? Ya sa wuƙa. An ce ya yi atishawa har hularsa ta faɗi, amma ya daure ya zura hannu, ya fito da leda cike da ƙwaya. Ya farke na biyu, haka. Direban ya ce zai kama ruwa, ya zaga bayan tudun yashi, har yau yana can yana kama ruwan.

Ranar Talata jandarma suka zo, rana tsaka, kasuwa ta cika. Baba yana tsaye gefen kayansa da hannu a baya, ba su ma sha wahalar juya hannun ba kafin su sa ankwa. Babu wanda ke kasuwar nan da bai san ainihin mai ƙwayar ba. Dillalai sun sani, ƴan dako sun sani, mai shayi ya sani, jakunan ma da suna magana da sun faɗa. Ba wanda ya yi ko tari. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma duk mun ci.

Ni nake kai masa abinci a gidan kaso. Na tarar da shi zaune a ƙasa cikin waɗanda ƙwayar ta haukata, wasu ma tsoffin ƴan ƙwadagonsa ne, yana gyara wa ɗaya wuyan riga. Ya tambaye ni ko an ba lambu ruwa, ko Inna tana cin abinci. Bai tambaye ni wani abu ba. A kwana na biyar kumandan jandarma, wani Bazabarme mai sanyin magana, ya kira ni cikin biro, wato ofishinsa. Ya ce tunda na yi karatu zan fi gane halin da ake ciki. Tambaya ɗaya ce tsohon ya ƙi amsawa yadda ya kamata: ta yaya buhunansa suka fita gidansa da shaida?

"Kullum sai ya ce shi ya bayar da su lokacin ruwa, da hannunsa, ya manta bai cire ba. In na ce wa ka ba, sai ya ce taron jama'a ne. Madam, mutumin da aka ce mini shekara talatin bai taɓa mantawa ba? Ke ba ki san komai ba?"

Na dubi taswirar da ke bango. Na ce lokacin ina lakwal.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoron aikina, tsoron Alhaji, da tsoron in tsaya gaban mutane in ce ni ce. Na san a ranar cewa Baba ya san ƙaryar da na yi masa, kuma ya ɗauki laifina ya aza a kansa, duk da haka na yi shiru. Na tsani Alhaji iya tsana, amma ranar nan ban tsane shi kamar yadda na tsani matar da ta fito daga biron nan tana gyara mayafi ba.

Kwana goma sha tara ya yi. Wanda ya fito da shi sarkin ƴan dako ne, wani tsohon Babarbare mai Hausa a karkace, wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar buhun Baba a ka. Shi ma bai ambaci sunan kowa ba, yana da jikoki. Ya dai je gaban alƙali ya ce a kawo buhun da aka kama, a kawo wanda aka ɗauko daga kasuwa, a jera. Baba bahago ne. Ɗinkin bakin buhunsa daga wannan kunne yake tashi ya ƙare a wancan, saɓanin na kowa, ƙullin ma a juye yake. Na waɗanda aka kama kuwa duk ɗinkin mai dama ne. "Shaida nasa ne," in ji tsohon, "baki ba nasa ba." Aka ba Baba basilla ya ɗinke buhu a gaban alƙali, kowa ya gani. Aka sake shi. Ba a kama kowa ba. Sabon ma'aikacin nan kuwa kafin damina an mayar da shi can cikin sahara, inda ba a noman tattasai.

Washegari gida ya cika da ƴan barka. Wa zan gani? Alhaji, da rago a bayan mota. Ya rungume Baba yana cewa maƙiya sun ji kunya, wai shi tun da aka kama Yaya abinci bai wuce masa ba. Cikin kuwa yana nan gaba da shi kamar tulu. Ya dube ni ya ce, "Madam, an sha wuya." Ya san na sani, kuma ya san ba zan ce komai ba. Baba ya ce a mayar da ragon, gidan ba wurin ɗaure shi.

Talatar da ta biyo Baba ya fita da kayansa. Hutun lakwal ne, na bi shi a baya da sunan sayen kayan miya. Wani falke na Maiduguri, wanda ya shekara ashirin yana saye a hannunsa, ya zo suka yi doguwar gaisuwa da Barbarci. Sai ya tsaya yana shafa buhun, ya kasa cewa a ɗora.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce. "Ni na san ka. Amma hanya ba ta san ka ba yanzu."

Ya zaro wuƙa. Baba ya ce, "Kawo, za ka ɓata buhun." Ya karɓa ya farke da kansa, daidai kan sawun zabuwar, ya riƙe masa bakin tsagar har ya zura hannu. Tattasai ne ja har tsakiya, kamar kullum. Mutumin ya sayi kayan duka bai ko yi ciniki ba, don kunya. Dillalan da ke gefe kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Da muka koma gida Baba ya fito da ragowar tsibi na biyu ya ajiye a gabana, ya ɗora reza a kai, ya ce, "Cire." Na wuni ina tsinkar baƙin zare, yana zaune gefe yana jan carbi. Daga ranar bai ƙara ɗinke buhu ba. A tabarma yake zuba tattasainsa a buɗe, kamar mata masu kayan miya, mai saye ya zo da nasa buhun ya cika. Basillar ya ba Inna tana ɗinkin faifai.

Na sha ɗaura niyyar gaya masa. Sai in zo gida in zauna kusa da shi, in buɗe baki, in ji kaina ina tambayar yadda ciwon bayansa yake. Na ce in aka yi sallah, na ce in na yi aure, na ce in na haihu. Shi kuwa bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, wannan ne ya fi ci mini rai.

Alhaji ya ƙara shekara goma yana hawa. Ya gina masallaci da koren tayil, ya sa aka rubuta sunansa a ƙofa da harufan da suka fi na bisimilla girma. Ya sayo jimina biyu ya sake a tsakar gida don baƙi su gani. Wani direbansa da ya faye surutu aka tsince shi a kogi, aka ce ƙaddara ce, Alhaji ya sayi likkafani. Ya ba lakwal ɗinmu bencina, direkta ya ce ajina ne zai yi masa waƙar maraba tunda yarana sun fi murya. Na koya musu, na tsaya ina buga musu tafi. A cikin yaran nan akwai ɗiyar ɗan yayar Innata, wanda ya mutu da mari a ƙafa, ita ce ma ke bayar da waƙar. Alhaji ya shafa kanta ya ce Allah ya yi albarka.

Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni dai ban ga ranar mai kaya ba. Hukuma ba ta taɓa shi ba har ya mutu. Waɗanda suka fi shi ne suka cinye shi, wasu masu motocin sahara da wayar tauraron ɗan'adam, waɗanda kayansu ya fi ƙwaya tsada, suka ga ba su da bukatar tsohon dillalin tattasai. Kaya biyu suka ɓace masa a hanya. Yaransa suka koma wajen sabbin iyayen gida, maroƙan suka bi su da waƙar, suna kawai suka canza. Ciwon sukari ya kama shi aka yanke ƙafa ɗaya a Maiduguri. Jiminun ma an ce yanka su aka yi aka ci.

Lokacin ina da ƴaƴa uku, ina zuwa gida duk Lahadi in wanke wa Baba kaya, don idonsa ya yi rauni sosai. Wata Lahadi bayan azahar aka turo Alhaji a keken guragu har zaure. Ya rame ya koma dillalin da na sani, haƙoran Makkan sun yi wa bakin yawa. Yana zagaya gidaje ne neman gafara, yadda masu jin ƙamshin mutuwa ke yi. Na tsaya bakin ƙofa da kumfa a hannu, ban gaishe shi ba.

Ya kama hannun Baba da hannu biyu. Kuka dai bai manta shi ba.

"Yaya, zama tare ya daɗe. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na jira. Na ce yanzu zai ce buhu. Zai ce kwana goma sha tara. Zai ce a kai shi kasuwa ranar Talata ya faɗa kowa ya ji. Bai ƙara ko kalma ba. Ƙafa ɗaya a kabari, ɗayar ma an riga an binne ta, amma mutumin nan kaya ya kawo a ɗinke, yana so a karɓa ba a farke ba.

Baba ya ce, "Na yafe. Allah ya yafe mana duka."

Aka juya keken aka fita da shi yana share hanci, fuska a sake kamar wanda ya wuce bariya. Na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Baba, haka kawai? Ko tambayarsa ba za ka yi ba? Ka ce masa me ya yi, ya faɗa da bakinsa. Mutum ya raba ka da abin da ka gada, ya zo ya ce wanda ya sani da wanda bai sani ba, kai kuma ka ce ka yafe?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce, a hankali, yadda yake tambayar ko an ba akuya ruwa:

"Ke na tambaye ki?"

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Na buɗe baki zan faɗi maganar da na riƙe shekara goma sha biyu. Ya ce, "Miƙo mini buta, la'asar ta kusa." Ya miƙo hannun hagu, na sa masa.